Mayar da ƙafar gaban motar daji zuwa dunƙulallen aksil: me ake samu, me ake rasawa?

Shin gaskiya ne cewa duk motar da ke jan ƙafa huɗu, idan aka cire mata ƙafar gaban da kamfani ya yi mata aka sanya mata dunƙulallen aksil irin na tsohuwar Hilux ko na Land Cruiser, ta zama gagara-badau ke nan? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a garejoji da tashoshin mota, kuma ta ƙara ƙarfi tun da hotunan bidiyon motocin Amurka masu hawan duwatsu suka cika wayoyin mutane, inda za a ga taya ɗaya ta haye dutsen da ya kai ƙugun mutum, ɗayar tana ƙasa daram, motar kuma tana ci gaba da rarrafawa kamar ba abin da ya faru. Wanda ya kalli irin wannan, sannan ya tuna kuɗin da ya kashe wajen canza shaf da bushi a Hilux ɗinsa ta zamani, ba laifinsa ba ne idan ya fara tunanin kai ta wajen mai walda.

A Amurka da Ostireliya wannan aiki sananne ne, har yana da gajeren suna da masu harkar ke kiransa da shi, wato SAS, kuma akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. Sai dai abin da bidiyon ba ya nunawa ya fi abin da yake nunawa yawa. Dunƙulallen aksil yana da fifiko na haƙiƙa, amma a wani irin wuri ne da wani irin tuƙi, kuma sanya shi a motar da ba a ƙera ta da shi ba daidai yake da sake zana rabin motar daga tushe.

## Tsare-tsaren ƙafa biyu da ya kamata a fara rarrabewa

Aksil shi ne ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu na gefe da gefe, ya ɗauki nauyin mota, kuma a motar da ke jan ƙafa huɗu ya isar musu da ƙarfin inji. Dunƙulallen aksil bututu ne guda mai kauri da ya taso daga tayar hagu ya dire a ta dama, da wani kumburi kamar tulu a jikinsa, inda haƙoran giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin biyu suke. Shaf biyu suna kwance a cikin bututun, a ɓoye daga ƙura da ruwa da sarar dutse. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin tifa ko bayan a-kori-kura ya ga irinsa, domin shi ne makanikai ke kira bak-aksil. Na gaba ya bambanta da na baya ta fuska ɗaya kawai: a kowane ƙarshensa akwai gwiwar da ke ba taya damar karkata hagu da dama idan an murza sitiyari.

Ɗaya tsarin shi ne ƙafar gaba mai zaman kanta, wadda ake taƙaitawa da IFS. A nan tulun giyar a ɗaure yake jikin shasi ba ya motsi, kowace taya kuma tana rataye da hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, sannan ƙarfi yana zuwa mata ta gajeren shaf mai gaɓoɓi biyu da aka lulluɓe da roba mai ninki. Idan tayar dama ta faɗa rami, ita kaɗai ta san abin da ya same ta.

Daga wannan bambanci na gini duk sauran maganar ta taso. Dunƙulallen aksil yana aiki kamar sandar ɗaukar ruwa a kafaɗa: idan gefe ɗaya ya yi sama, ɗaya gefen zai danna ƙasa, don haka a kwazazzabo ko kan duwatsu tayoyin biyu suna daɗewa suna taɓa ƙasa, kuma tayar da ke taɓa ƙasa ce kaɗai ke iya jan mota. Bugu da ƙari, tazarar da ke tsakanin tulun da ƙasa ba ta canzawa komai nauyin da aka ɗora, domin tulun yana hawa da sauka tare da tayoyi. A ƙafa mai zaman kanta kuwa, duk lokacin da gaban mota ya dusa, ko saboda lodi ko saboda birki ko saukowa daga tudu, cikin motar yana matsowa kusa da ƙasa, kuma hannuwan suna da iyakar da ba za su wuce ba, domin gaɓar shaf ba ta jure lanƙwasa mai tsanani.

Amma sandar tana da nata aibin. Dunƙulallen aksil na gaba, da tulunsa da shaf-shaf da birki da tayoyi, nauyi ne mai yawa wanda sifirin bai ɗauke shi ba, yana bin kowane tudu da kwari na hanya kai tsaye. A tafiyar hawainiya wannan ba ya damun kowa. Idan aka taka mota a burji mai gargada, sai wannan nauyin ya riƙa tsalle, shokozoba ta kasa kwantar da shi, tayoyi su riƙa rabuwa da ƙasa suna dawowa, kuma abin da ya bugi tayar dama ya girgiza ta hagu har ya iso hannun direba.

## Yadda kamfanoni suka riƙa barinsa

Hilux mai jan ƙafa huɗu ta fara fitowa a 1979 da dunƙulallen aksil a gaba bisa sifirin mai falle-falle. A kasuwar Amurka, Toyota ta sauya wannan tsari daga samfurin 1986, ta koma ƙafa mai zaman kanta, a a-kori-kurar da kuma 4Runner. Shi ya sa har yau masu harkar a can suke farautar samfurin 1985, domin ita ce shekarar da aka haɗa tsohon aksil da injin 22RE mai injekta. A Afirka da Ostireliya da wasu kasuwanni an ci gaba da sayar da Hilux mai dunƙulallen aksil har zuwa 1997. General Motors ta yi irin wannan sauyi a sabbin a-kori-kurarta na 1988, Prado ta bi sahu a 1996, Nissan Patrol ta sabon zubi a 2010, Mercedes G-Class a 2018, sabuwar Land Rover Defender kuma da ta maye gurbin wadda aka daina ƙerawa a 2016 ta fito da ƙafafu huɗu masu zaman kansu.

Masu cewa kamfanoni sun yi haka ne don rowa ko don motoci su riƙa saurin lalacewa ba su duba wanda ke sayen motocin ba. Mafi yawan masu sayen sabuwar mota mai jan ƙafa huɗu a manyan kasuwannin duniya a kan kwalta suke yini, kuma abin da suke nema shi ne taushin tafiya, da sitiyari mai jin magana a gudun kilomita 120 a sa'a, da birkin da ba ya karkatar da mota. Ƙafa mai zaman kanta tana ba da wannan, tana kuma barin a saukar da inji ƙasa kaɗan tun da babu bututun da ke hawa da sauka a ƙarƙashinsa.

Duk da haka ba kowa ya bari ba. Jeep Wrangler da Suzuki Jimny da manyan a-kori-kurar Ford Super Duty da Ram 2500 suna nan da dunƙulallen aksil, haka ma Ineos Grenadier da ta shigo kasuwa a 2022. Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, ba ta taɓa rabuwa da shi ba. Abin da aka yi mata a 1999 shi ne sauya sifirin gaba daga mai falle-falle zuwa mai naɗi.

Misalin da ya fi koyar da darasi, a ganina, shi ne na 1998. A shekarar Toyota ta fitar da Land Cruiser 100 da ƙafar gaba mai zaman kanta, amma ta san cewa masu aiki a dajin Ostireliya da Afirka da Gabas ta Tsakiya ba duka za su karɓa ba, sai ta yi musu Land Cruiser 105. A ido motocin biyu kusan ɗaya suke. A ƙarƙashi kuwa, 105 ta gaji shasi da aksil da tsarin ƙafa na jerin 80 da ya gabace ta, aka ɗora sabon bodi a kai. Wato kamfanin da ya ƙera motar, da injiniyoyinsa da filayen gwajinsa, bai ɗauki aksil ya manna a shasin 100 ba, ya gwammace ya yi amfani da shasin da tun asali aka zana domin wannan aksil. Duk mai shirin yin aikin a gareji ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

## Inda al'adar ta samo asali

Sauya aksil ɗan yammacin Amurka ne, kuma wasan hawan duwatsu ne ya haife shi. A wurare irin su hanyar Rubicon da ke tsaunukan Kalifoniya, mai tsawon kimanin kilomita 35, da yankin Moab a jihar Utah, mota tana iya shafe yini guda ba ta wuce saurin mai tafiya a ƙasa ba, tana hawa kan dutse tana sauka. A can babbar taya ita ce komai, domin ita ke ɗaga tulun aksil sama da dutse. Mota ta zo daga kamfani da taya mai tsayin inci 29 ko 31, mai ita kuma yana son inci 35 ko 37, wasu har 40.

Da masu Toyota samfurin 1986 zuwa 1995 suka fara sanya irin waɗannan tayoyi, sai raunin ƙafar gabansu ya bayyana. Babbar giyar da ke cikin tulun gaba inci 7.5 ce, alhali ta tsohon aksil inci 8 ce, hannun da ke tallafe sandar sitiyari yana lanƙwashewa, gaɓoɓin shaf suna fashewa idan taya ta maƙale tsakanin duwatsu aka ba ta wuta. Kuma ɗaga motar bai magance komai ba, domin da zarar an wuce inci biyu ko uku shaf yana tsayawa a karkace, ya riƙa yaga robarsa yana cin kansa. Mafita mafi sauƙi a lokacin ita ce a je wurin da ake kwance tsofaffin motoci a sayo aksil ɗin samfurin 1979 zuwa 1985 a mayar da shi inda ƙanensa ya gaza. Kamfanoni irin su Marlin Crawler da Trail-Gear na birnin Fresno suka shiga ƙera kayan haɗin, masu manyan motocin Amurka kuma suka koma ga aksil ɗin Dana 44 da Dana 60, wanda babbar giyarsa ta kai inci 9.75.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan motoci na wasa ne. Da yawansu a kan tirela ake kai su bakin daji, kuma mai su yana da wata motar da yake zuwa aiki da ita. A tseren da ake gudu na gaske a sahara kuwa labarin ya sha bamban: motocin da ke kan gaba a tseren Baja 1000 na Meziko ƙafar gabansu mai zaman kanta ce, haka Hilux ɗin da Nasser Al-Attiyah ya lashe tseren Dakar da ita a 2019 da 2022 da 2023.

## Abin da aikin ya ƙunsa

Matakin farko ba shi da komawa baya. Ana kwance hannuwa da shaf da tulu, sannan a sa wuta a yanke duk kunnuwan da suke ɗaure jikin shasi, a goge wurin ya yi sumul. Daga wannan lokaci motar ba ta da ƙafar gaba, kuma ba za a iya mayar da ta da ba sai da wahala mai yawa.

Sai zaɓen aksil, inda mutane da dama ke fara ɓata aikin. Tulun aksil na gaba ba a tsakiya yake ba, yana kauce wa inji ta gefe ɗaya, kuma dole gefen ya dace da inda giyar taimako, wato akwatin da ke raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya, ke fitar da farfelar gaba, sandar da ke juyawa ta kai ƙarfin ga tulun. A tsohuwar Hilux da Land Cruiser tulun a dama yake, a Tacoma a hagu, a manyan motocin Ford a hagu, a tsofaffin Chevrolet a dama. Wanda ya sayo na gefen da bai dace ba sai ya canza giyar taimako, ko a yanka aksil a juya bututunsa. Faɗi ma abin dubawa ne, domin tsohon aksil ɗin Hilux ya fi ƙafar bayan samfurin 1986 ƙunci da kusan inci uku. Haka adadin kusoshin taya: Hilux shida, Land Cruiser 79 da 105 biyar, Dana 60 takwas, kuma wanda bai kula ba zai wayi gari yana yawo da safaya iri biyu.

Mafi muhimmanci shi ne lissafin giya. Lambar da ake faɗa, kamar 4.10 ko 4.88, tana nufin zagaye nawa farfela za ta yi kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Idan gaba 4.10 ne baya kuma 4.88, to da zarar an sa taimako tayoyin gaba za su nemi su fi na baya gudu da kusan kashi 19 cikin ɗari. A yashi tayoyi za su riƙa sulɓi suna haƙa rami, a fako kuwa babu inda ƙarfin zai tafi sai cikin ƙarfe, kuma abin da ya fi rauni, ko farfela ko shaf ko giyar taimako, shi zai karye. Dole lambobin biyu su zama ɗaya, kuma idan an ƙara girman taya sai an canza su duka biyun, in ba haka ba inji zai riƙa nishi a kowane tudu.

Bayan haka sai yadda za a rataya aksil ɗin. Hanya mafi sauƙi ita ce sifirin mai falle-falle, domin shi da kansa yake riƙe aksil kada ya matsa gaba ko baya ko gefe. Ana walda masa maratayi a bakin shasi, a huda shasin ta baya a sa bututun da ɗaya ƙarshen zai riƙa lilo a ciki. Hanya ta biyu, ta sifirin mai naɗi da dogayen hannuwa da sandar da ke hana aksil zamewa gefe, ta fi taushi kuma ta fi ba da damar lanƙwasa, amma kowane hannu tsawonsa da kusurwarsa sai an lissafa, domin su ne za su yanke ko motar za ta dusa da ka idan an taka birki, ko za ta karkata da kanta idan ta hau tudu. Ko wace hanya aka bi, kuskuren milimita kaɗan tsakanin hagu da dama ya isa ya sa mota ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya har ƙarshen rayuwarta, kuma alaimen ba zai gyara abin da walda ta riga ta kafe ba.

Sitiyari shi ne wurin da rai yake. Yawancin motocin zamani, har da Hilux daga 2005, suna amfani da sitiyari mai dogon haƙori a kwance, wanda ake ɗaure shi jikin shasi domin ya tura tayoyi biyu masu zaman kansu. Wannan ba ya aiki da dunƙulallen aksil, sai an cire shi an kawo akwatin sitiyari irin na da, an ƙarfafa shasi da faranti a inda za a ɗaure shi, domin duk ƙarfin juya manyan tayoyi a wannan wuri yake taruwa, kuma a nan shasi ya fi tsagewa. Sandar da ke tasowa daga akwatin zuwa gwiwar taya dole ta kwanta daidai da sandar da ke hana aksil zamewa gefe, tsawonsu kuma ya yi kusa da juna. Idan suka saɓa, duk lokacin da aksil ya yi sama ko ƙasa tayoyi za su juya da kansu ba tare da direba ya taɓa komai ba.

Akwai kuma wata kusurwa da ido ba ya gani, wadda ake kira kasta. Ita ce ɗan jinginin da gwiwar taya ke yi zuwa baya, kamar yadda ƙahon keke yake a jingine, kuma ita ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Matsalar ita ce idan aka ɗaga mota farfelar gaba tana tsayawa a tsaye sosai, sai makaniki ya ji sha'awar murɗa aksil domin bakin tulu ya kalli sama ya sassauta mata. Wannan murɗawar tana cinye kasta, motar ta koma yawo a titi kamar wadda ba a riƙe ba. Masu aikin ƙwarai sukan yanke gwiwoyin daga bututu su juya su daban su sake waldawa, aikin da ke buƙatar ma'aunin kusurwa da gwanin walda na gaske. Sauran ƙananan abubuwa, irin su kaskon baƙin mai da aksil zai iya duka idan ya yi sama, da bututun hayaƙi, da tiyon birki, da sabuwar farfela mai doguwar zamiya, kowanne da kuɗinsa, kuma a Amurka jimillar aikin dubban daloli ce ko da mutum da hannunsa ya yi.

## Abin da ke biyo baya idan an fito daga gareji

Domin aksil ya sami wurin motsi a ƙarƙashin inji, kusan kullum sai motar ta ƙaru da tsayin santimita 10 zuwa 15, ban da abin da babbar taya za ta ƙara. Motar da nauyinta ya koma sama ta fi saurin kifewa idan aka kauce wa rami ko dabba ba zato, kuma babbar taya tana tsawaita nisan da birki ke buƙata, tana ƙara shan mai.

Sai wata cuta da ta keɓanta da wannan tsari, wadda Amurkawa suka sa wa suna mai nufin rawar ajali. Mota tana tafiya a gudun kilomita 70 zuwa 100, taya ɗaya ta daki gefen rami, sai gaban motar gaba ɗaya ya kama kakkarwa, sitiyari yana fizgar hannu hagu da dama, kuma ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. Bushin da ya saki, ko kan tayarod da ya ci, ko ƙarancin kasta, su ke jawo ta. Tana kama har motocin da kamfani ya ƙera da dunƙulallen aksil idan ƙafarsu ta tsufa, balle wadda aka haɗa da ƙiyasin ido.

Motocin zamani suna da ƙarin matsala. Birkin ABS, mai hana taya daskarewa idan an taka birki da ƙarfi, da na'urar da ke hana mota zamewa, wadda ta zama tilas ga sabbin ƙananan motoci a Amurka daga samfurin 2012, suna karanta gudun kowace taya daga firikwensin da ke jikin ƙafar da aka yanke. Tsohon aksil ba shi da wurinsu, kuma ko an ƙirƙira musu wuri, kwamfutar motar an tsara ta ne bisa tsayi da halayyar ƙafar asali. Gaban shasi kuma an zana shi ya lanƙwashe ta wata hanya idan an yi karo, jakar iska ta buɗe a daidai lokacinta. Faranti da maratayin da aka walda a wurin suna canza wannan lissafi ta yadda babu wanda ya gwada. Shi ya sa a Ostireliya irin wannan aiki sai injiniya mai lasisi ya duba ya ba da takarda a ƙarƙashin ƙa'idar VSB 14, a Jamus kuma izinin hawa titi yana faɗuwa har sai masu binciken mota irin su TÜV sun amince. Kamfanin inshora ma yana iya ƙin biyan diyya a kan canjin da ba a sanar da shi ba.

## Mu da ke bakin Sahara

Ƙaunar da direbobinmu ke yi wa tsohon aksil tana da tushe. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda duniya ta sa wa sunan Toyota, a-kori-kurar Hilux da Land Cruiser da suka yi fice a Fada da Wadi Doum duk masu dunƙulallen aksil ne. Land Cruiser 79, wadda ake kira bafalo a Najeriya, da 78 da ƙungiyoyin agaji ke shiga ƙauyuka da ita, sun tabbatar da cewa tsarin yana jure lodi da rashin kulawa: gaɓoɓinsa kaɗan ne, shaf ɗinsa a rufe yake, kuma falle ɗaya na sifirin idan ya karye ana iya ɗaure shi a lallaɓa zuwa gari. Amma ƙarfin bafalo ba a aksil kaɗai yake ba, yana cikin shasi da sifirin da akwatin sitiyari da giya waɗanda aka auna su tare. Ko Toyota da ta sa wa jerin 70 injin V8 a 2007 sai da ta faɗaɗa aksil ɗin gaba domin injin ya shiga, tayoyin baya suka zama sun fi na gaba matsuwa da kusan santimita tara da rabi, abin da masu tuƙi a yashi ke kuka da shi domin na baya ba sa bin sawun na gaba daidai.

Sannan a dubi irin hanyoyinmu. Abin da ya fi yawa shi ne kwalta mai ramuka, da burji mai gargada, da yashi, da taɓon damina, kuma duk ana bin su da gudu da lodi, ba da rarrafe ba. Hilux ta zamani mai ƙafa mai zaman kanta ita ce ke zirga-zirga daga Agadez zuwa Dirkou ta cikin hamadar Tenere, maƙare da mutane da jarkoki. A yashi abin da ke fitar da mota shi ne rage iskar taya da riƙe gudu, a taɓo kuma zanen taya da makullin da ke haɗe tayoyin baya su juya tare. Lanƙwasar aksil da ake gani a bidiyo sai a kwazazzabai da hanyoyin duwatsu, irin na tsaunukan Air ko wasu sassan Filato da Mambila, take nuna amfaninta.

Akwai kuma tarko a wajen sayen kaya. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motocinmu da na Nijar sitiyarinsu a hagu yake, amma aksil ɗin da mutum zai tarar a kasuwannin kayan mota na Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo yana iya zama an kwanto shi daga motar Japan ko Ingila mai sitiyari a dama, wanda hannun sitiyarinsa da mazaunin sandar gefe suke a juye. Wanda ya san yadda juya sitiyarin mota daga dama zuwa hagu ke ƙarewa idan ya faɗa hannun da bai ƙware ba, ya san abin da ake nufi da gyaran gangar Auzinawa. Bayan an gama kuma motar ta zama ita kaɗai ce irinta: ranar da wani abu ya karye a ƙauye, lambar shasi ba za ta gaya wa mai shago kayan da zai bayar ba, kuma ranar sayarwa dillali zai kalli waldar ya rage kuɗi.

Wanda aikinsa ke buƙatar dunƙulallen aksil da gaske, kamar mai kai kaya wuraren haƙar ma'adinai ko mai bin hanyoyin tsauni, kasuwarmu tana da abin da Ba'amurke ke nema bai samu ba, domin jerin 70 da 105 da tsohuwar Patrol Y61 da Hilux ta kafin 1997 duk an sayar da su a Afirka, kuma kayansu da makanikansu suna nan. Wanda kuma kukansa yawan canza shaf ne, mafi yawan lokuta laifin daga robar da ta yage ne, yashi ya shiga ya gauraye da giris ya cinye gaɓar cikin 'yan makonni, ko daga ɗaga motar fiye da kima, ko daga jabun kaya. Roba mai kyau, da shokozoba da sifirin da suka dace da lodin da ake ɗauka, da farantin kariya a ƙarƙashin inji, da ɗagawar da ba ta wuce santimita biyar ba, duk ana ɗaure su ne da sifana, kuma ranar da aka ga ba su yi ba ana iya kwance su a mayar da na asali.